Taura biyu a baki ɗaya: yadda Vsevolod Bobrov ya zama gwani a ƙwallon ƙafa da ƙwallon gora na kan ƙanƙara

A watan Oktoban 2019 hotunan Petr Cech suka bazu a shafukan sada zumunta, yana sanye da sulke mai kauri da hular ƙarfe, riƙe da sanda a gaban wata 'yar ƙaramar raga. Tun daga lokacin, duk sanda hotunan suka sake zagayowa sai musu ya tashi tsakanin masu kallon ƙwallo. Wasu su ce tsohon golan Chelsea da Arsenal ya koma wani wasa ya sake zama zakara. Wasu su ce ai taura biyu ba ta taunuwa, wasan banza ne kawai yake yi don ya rage zaman gida. Tambayar da ke ƙarƙashin wannan musu ita ce: shin mutum ɗaya zai iya kaiwa ƙololuwa a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon gora na kan ƙanƙara? An taɓa yi? In an taɓa, me ya sa yanzu ba a gani?

An taɓa yi, amma ba Cech ne ya yi ba. Ƙungiyar da ya shiga bayan ya yi ritaya, Guildford Phoenix, tana mataki na huɗu ne a lokacin a Birtaniya, ƙasar da ba ta cikin manya a wannan wasa. Ya yi abin a yaba masa, har ya tsare wa Belfast Giants raga na 'yan mintoci a 2023, amma sha'awa ce ta bayan ritaya. Wanda ya tauna taurar biyu da gaske wani ɗan Rasha ne mai suna Vsevolod Bobrov, wanda ya yi kyaftin ɗin Tarayyar Sobiyet a gasar Olamfik sau biyu: a ƙwallon ƙafa a 1952, a kan ƙanƙara a 1956.

Wane wasa ake nufi?

Sai an fara warware sunaye, domin nan ne ruɗanin yake farawa. Wasanni uku ne muke kira da suna ɗaya, ƙwallon gora ko hoki.

Na farko shi ne wanda ake yi a kan ciyawa ko dandaryar ƙasa da sanda mai lanƙwasa, wanda Indiya da Pakistan suka yi suna a kansa. Wannan ba ya cikin zancenmu.

Na biyu shi ne na Kanada, wanda ake yi a kan daskararren ruwa mai santsi kamar madubi. Fili ne ƙarami, tsawonsa kusan mita 60, faɗinsa kusan 30, an kewaye shi da katangar katako. Kowane ɓangare mutum shida ne har da mai tsaron raga. Ba ƙwallo ake bugawa ba, wani ɗan baƙin faifan roba ne mai tauri, wanda bai kai tafin hannu ba, amma in gwani ya maka shi yakan wuce gudun kilomita 150 a awa. 'Yan wasa suna sanya takalmi mai siririn ƙarfe a ƙasa kamar bakin wuƙa, da shi suke sulɓewa. An yarda a bangaje mutum da kafaɗa a haɗa shi da katanga. Saboda tsananin gudu, da wuya ɗan wasa ya wuce minti ɗaya a fili kafin a canza shi ya huta ya dawo. Ana yin zango uku, kowanne minti 20.

Na uku shi ne mabuɗin wannan labari, kuma shi ne mutanenmu ba su sani ba. Sunansa bandi, Rashawa kuma suna ce masa hokin Rasha. A kan ƙanƙara ake yin sa da sanda, amma filinsa girman filin ƙwallon ƙafa ne, mutum goma sha ɗaya-ɗaya ne, minti 45 sau biyu, da 'yar ƙaramar ƙwallo, har da dokar satar gida da bugun kusurwa. Ƙwallon ƙafa ce dai aka ɗora a kan ƙanƙara aka ba kowa sanda.

Haka ma kalmar da Turawa ke kiran ƙwallon ƙafa da ita tana yaudara. A Kanada da Amurka, wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai ana gudu da ita suke nufi. Lionel Conacher, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan Kanada na rabin farko na ƙarni na 20, ya ci kofin Grey a 1921 a irin wannan wasa, ya kuma ci kofin Stanley na ƙanƙara a 1934 da 1935. Gwani ne babu ja. Amma ba ƙwallon da muke kallo a gidajen kallo ya buga ba. Bobrov kuwa ita ya buga.

Daga masana'anta zuwa Stamford Bridge

An haifi Bobrov ranar 1 ga Disambar 1922 a Morshansk, ya tashi a Sestroretsk kusa da Leningrad, birnin da yanzu ake kira Saint Petersburg. Kamar sauran yaran garin, da zafi ya buga ƙwallon ƙafa, da hunturu ya ɗaura takalmin ƙanƙara ya buga bandi. Ya fara aiki a masana'anta yana saurayi. Da Jamus ta auka wa ƙasarsu a 1941, aka kwashe masana'antu da ma'aikatansu zuwa gabas, shi ya samu kansa a Omsk da ke Saiberiya, inda ya shiga makarantar soja. Daga can aka gano shi, aka kawo shi ƙungiyar sojoji ta Mosko, wadda a lokacin ake kira CDKA, yau kuma CSKA, ƙungiyar da Ahmed Musa ya yi suna a cikinta shekaru da yawa bayan haka.

Kakarsa ta farko a 1945 ya zura ƙwallo 24 a wasa 21, ya zama wanda ya fi kowa ci a ƙasar. Shi ya sa da Dynamo Mosko za ta tafi rangadi Birtaniya a watan Nuwamba na wannan shekara, ta ara shi daga abokiyar hamayyarta.

Wannan rangadi ya cancanci a tsaya a kansa. Yaƙi ya ƙare da 'yan watanni, Turawan Ingila suna ganin su suka haifi ƙwallo, babu mai koya musu. Ranar 13 ga Nuwamba mutum fiye da 74,000 a lissafin hukuma suka cika Stamford Bridge, wasu a kan rufin filin, wasu a bakin layi. Kafin a take wasa 'yan Dynamo suka miƙa wa 'yan Chelsea furanni, abin da ya ba Ingilawa mamaki. Chelsea ta tafi hutun rabin lokaci da ci 2 da nema. Aka tashi 3-3, kuma Bobrov ne ya farke ta ƙarshe, duk da cewa 'yan jaridar Ingila sun dage cewa satar gida ce. Daga nan suka lallasa Cardiff City da ci 10-1, ya ci uku rigis. Suka doke Arsenal 4-3 a filin White Hart Lane cikin hazo mai kaurin da 'yan kallo ba sa ganin tsakiyar fili, alhali Arsenal ta aro Stanley Matthews da Stan Mortensen. Suka rufe da kunnen doki 2-2 da Rangers a Glasgow. Cikin ƙwallo 19 da suka ci, shida na Bobrov ne, yana da shekara 22.

Ya dawo gida ya ci gasar ƙasa da CDKA sau uku a jere, 1946 da 1947 da 1948, ƙarƙashin koci Boris Arkadyev.

Ruwa ba ya tsami banza: abin da ya sa hakan ya yiwu

Baiwa ita ce farko, ba na musun wannan. Amma wanda ya tsaya a baiwa kaɗai bai fahimci lamarin ba.

Yanayin ƙasar ne ya raba musu shekara biyu. A Rasha ba a iya buga ƙwallon ƙafa da hunturu, dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina, don haka kakar wasa tana farawa ne bayan sanyi ya sauka ta ƙare kafin ya dawo. A wancan zamani kuma ba su da injinan daskarar da ruwa a cikin ɗaki, wasan ƙanƙara sai lokacin da Allah ya kawo sanyi, a fili buɗe, wata uku ko huɗu. Wasannin biyu ba sa cin karo. Wanda ya ajiye takalmin ƙwallo a Nuwamba, a Disamba ya ɗauki sanda.

Ƙungiyoyin ma ɗaya ne. Ta sojoji, da Dynamo ta jami'an tsaro, da Spartak, kowacce tana da ɓangaren ƙwallon ƙafa da na ƙanƙara, albashi daga aljihu ɗaya yake fitowa. Babu mai kulob ɗin da zai ce na saye ka da miliyoyi, ban yarda ka je ka karya ƙafa a wani wuri ba.

Sai kuma bandi. Yaron da ya tashi yana buga shi ya riga ya san ba da ƙwallo, da neman gurbi, da karanta fili, irin na ƙwallon ƙafa, ga kuma ƙafarsa ta saba da ƙanƙara. Da hukumomi suka yanke shawarar rungumar wasan Kanada, saboda shi ne ke cikin Olamfik ba bandi ba, aka fara gasar ƙasa ta farko a Disambar 1946. Babu ƙwararru, don haka 'yan ƙwallon ƙafa masu buga bandi aka tara aka ba su sabuwar sanda da faifan roba. Arkady Chernyshev, wanda daga baya ya horar da tawagar ƙasa, ɗan ƙwallon Dynamo ne. Lev Yashin, golan da har yau shi kaɗai ya taɓa cin Ballon d'Or, ya ci kofin ƙasa na wasan ƙanƙara a 1953 yana tsaron raga. A Siwidin ma Sven Tumba ya yi wa ƙasarsa wasa a duka biyun. Ke nan Bobrov ba shi kaɗai ba ne a wannan hanya. Bambancinsa shi ne su sauran kowa ya fi a ɗaya, shi kuwa ya zama na ɗaya a duka. A gasar ƙasa ta ƙanƙara ya ci 254 a wasa 130, kusan biyu a kowane wasa.

Jirgin da bai shiga ba, da wasan Tampere

Tsarin da ya ba shi wannan dama shi ne kuma ya mallake shi, kuma wannan ɓangaren ne masu yabon zamanin da sukan tsallake.

Ɗan shugaba Stalin, Vasily, janar ne a rundunar sama, ya riƙe ragamar ƙungiyar rundunar mai suna VVS yana kwaso duk gwanin da ya ga dama. Bobrov ya koma can a ƙarshen 1949. A farkon Janairun 1950 jirgin saman da ya ɗauko ƙungiyar zuwa wasa a Chelyabinsk ya faɗi a Sverdlovsk cikin guguwar ƙanƙara. Mutum 19 suka mutu, 11 daga cikinsu 'yan wasa. Bobrov ba ya ciki, ya makara, sai ya bi jirgin ƙasa. Jaridu ba su buga labarin ba. Aka harhaɗa wasu 'yan wasa cikin gaggawa aka sa musu rigar, aka ci gaba da gasa kamar babu abin da ya faru. Ka duba halin iyalan da aka hana su ko da jin an ambaci sunan mamatansu a bainar jama'a, ka kuma duba mutumin da ya shiga fili bayan 'yan kwanaki, yana sane da cewa abokan da ya yi atisaye da su jiya duk suna ƙarƙashin ƙasa. A kan wannan toka Bobrov ya sake gina ƙungiyar yana ɗan wasa yana koci, suka ci gasa a 1951 da 1952 da 1953.

Sai Olamfik ta Helsinki a 1952, karon farko da Tarayyar Sobiyet ta shiga. Bayan sun fitar da Bulgeriya, suka haɗu da Yugoslabiya a garin Tampere ranar 20 ga Yuli. Stalin da shugaban Yugoslabiya, Tito, ba sa ga maciji tun 1948, don haka wasan ya wuce wasa. Saura minti 15 a tashi Yugoslabiya na gaba da ci 5-1. Aka tashi 5-5. Uku daga cikin biyar ɗin Bobrov ne ya ci, da gwiwoyin da suka riga suka lalace. Bayan kwana biyu aka sake wasan, ya fara zura ƙwallo, amma suka sha kashi 3-1.

Yugoslabiyar nan ba kanwar lasa ba ce, ita ta kai wasan ƙarshe inda Hungary ta su Puskas ta doke ta. Amma a Mosko ba a kalli hakan ba. Aka rushe ƙungiyar sojoji ta Mosko baki ɗaya, wadda ita ce ƙashin bayan tawagar, aka ƙwace wa koci Arkadyev lambar girmamawarsa. Sai bayan mutuwar Stalin aka dawo da ƙungiyar a 1954. Bobrov bai sake buga wa ƙasarsa ƙwallon ƙafa ba. Lissafinsa ya tsaya a wasa uku, ƙwallo biyar. Ya yi kaka ɗaya a Spartak a 1953, suka ci gasa, ya ajiye takalmi yana da shekara 30.

Ranar da Kanada ta sha mamaki

Gwiwar da ba ta iya jure gudu da juyi a kan ciyawa tana iya sulɓewa a kan ƙanƙara, don haka ya rage masa wasa ɗaya. A 1954 Tarayyar Sobiyet ta shiga gasar duniya karon farko a Stockholm. Ranar 7 ga Maris suka doke Kanada, uwar wasan, da ci 7-2, suka ɗauki kofi, aka zaɓi Bobrov ɗan wasan gaba mafi kyau. Shekara bakwai da 'yan watanni ke nan da fara wasan a ƙasarsu. Kanada ta rama a 1955 da ci 5-0. A 1956 a Cortina d'Ampezzo ta Italiya, shi da abokansa na layin gaba Viktor Shuvalov da Yevgeny Babich suka ja tawagar ta doke Amurka 4-0, ta doke Kanada 2-0, ta ɗauki zinare. Ya bar wasa a 1957 da ƙwallo 89 a wasa 59 na ƙasa.

Masu yabo da masu ja

Masu ja suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa wasan ƙanƙara jariri ne a Rasha a lokacin, masu tsaron raga ba su da kayan kirki ba su da horo, don haka ci biyu a kowane wasa ba abin a kwatanta da na yau ba ne. Suna cewa Kanadar da aka doke a 1954 ba tawagar gwanaye ba ce, wata ƙungiya ce ta 'yan sa kai mai suna East York Lyndhursts, domin ƙwararrun NHL, babbar gasar ƙanƙara ta Kanada da Amurka, ba sa zuwa gasar duniya a wancan zamani, alhali 'yan Sobiyet sojoji ne a takarda kawai, wasa ne aikinsu. A ƙwallon ƙafa kuma, wasa uku na ƙasa bai isa a sa mutum a sahun Pele ko Puskas ba.

Akwai kuma suka daga cikin gida. Anatoly Tarasov, wanda ake kira uban wasan ƙanƙara na Rasha, ya buga layi ɗaya da Bobrov kafin su zama abokan gaba na tsawon rai. Tarasov ya yi imani da wasan haɗin kai, kowa ya kai hari kowa ya dawo tsaro. Bobrov kuwa mai jiran a ba shi ne ya yanke mutum biyu ko uku ya ci, sauran su yi masa dako. Wannan musu duk mai kallon ƙwallo ya san shi, shi ake yi yau a kan kowane tauraron da ba ya komawa baya.

Ni a ganina hujjojin nan suna rage girman alƙaluman, ba sa rage girman mutumin. Golan da Bobrov ya ci sau 254 shi ne dai sauran 'yan wasan ƙasar suka fuskanta, ba su ci haka ba. Chelsea da Arsenal na 1945 ba 'yan sa kai ba ne. Yugoslabiya ta 1952 tana cikin manyan duniya. Duk inda aka ajiye shi gaban abokan karawa na gaske, ya ci. Abin da ya hana shi yawan wasannin ƙasa siyasa ce, domin ƙasarsa ba ta shiga gasannin duniya ba sai da ya kusa shekara 30.

Batun ƙwararrun Kanada kuwa, shi da kansa ya ba da amsa a matsayin koci. A Satumbar 1972 aka shirya wasa takwas tsakanin Tarayyar Sobiyet da gwanayen NHL karon farko, Bobrov ne ke jan tawagar. 'Yan Kanada da yawa sun ɗauka za su cinye duka takwas. Wasan farko a Montreal aka ci su 7-3. Kanada ta yi nasara a ƙarshe, huɗu da uku da canjaras ɗaya, amma sai da Paul Henderson ya ci ana saura daƙiƙa 34 a tashi wasa na takwas.

Me ya rufe ƙofar, kuma ina ruwan talaka?

Injin ne ya fara rufe ta. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka fara gina filayen ƙanƙara na inji a Mosko, kakar wasa ta tsawaita har ta shiga ta ƙwallon ƙafa. Tarasov ya kawo horo na kusan duk shekara. Daga baya kuɗi ya ƙarasa aikin: ɗan wasan babban kulob a yau yana buga wasa 50 ko 60 a kaka, kwantiraginsa ya hana shi duk abin da zai jawo masa rauni. Yashin ma tun a 1954 ya zaɓi ɗaya. Cech kansa ya so wasan ƙanƙara tun yana yaro, tsadar kayan wasan ce ta tura shi ƙwallon ƙafa, sai da ya gama aikinsa ya koma wa abin da yake so.

Mu ba mu da ƙanƙara, amma tambayar da ke ciki ta shafe mu. Makarantun koyon ƙwallo suna ƙaruwa a garuruwanmu, iyaye suna biyan kuɗi, ana ɗaukar yaro ɗan shekara takwas ko tara a ce ƙwallo kawai zai yi, safe da yamma, wata goma sha biyu. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa a jinkirta keɓe yaro ga wasa ɗaya har ya kai shekara 15 ko 16, saboda maimaita motsi iri ɗaya yana cinye gaɓoɓi yana kuma gundurar da yaro. Hakeem Olajuwon ya tsare raga a ƙwallon ƙafa ya kuma buga ƙwallon hannu a Legas kafin ya taɓa ƙwallon kwando yana matashi, kuma ya sha faɗin cewa daga can ya samo saurin ƙafar da ta sa ya gagara a Amurka. Yaron da ke langa da kokawa da tsere da ninƙaya a rafi yana gina jikin da zai amfane shi a fili, ba ɓata lokaci yake yi ba.

Sai dai labarin Bobrov yana da ɗaya gefen. Shekara da shekaru ba shi da lokacin hutu, yana fita daga wannan kaka yana faɗawa waccan, masu tsaron baya suna sarar ƙafafunsa domin ba su da wata dabarar tsayar da shi. An yi masa tiyata a gwiwa ba sau ɗaya ba, yana komawa fili kafin ya warke, saboda manyan da ke sama suna buƙatar nasara. Canza wasa yana gina yaro, amma rashin hutu yana rusa babba.

Bayan 1972 ya ci kofin duniya sau biyu a matsayin koci, a 1973 da 1974, sannan aka sauke shi. Ya koma horar da ƙwallon ƙafa, a Kairat ta Almaty da kuma tsohuwar ƙungiyarsa ta sojoji. Ya rasu a Mosko ranar 1 ga Yulin 1979 yana da shekara 56. A 1997 hukumar wasan ƙanƙara ta duniya ta sa shi cikin rukunin farko na gwanayen da ta karrama, kuma ɗaya daga cikin rukunonin babbar gasar Rasha ta yau, KHL, sunansa yake ɗauke da shi.